Makullin Baba Tsoho da Duwatsun Hanyar Gaya

Warin fetur, da ƙamshin sabuwar doyar Kuta da ba a kakkaɓe mata ƙasa ba, da daddawar da aka ƙunshe a leda amma ta ƙi ɓoyuwa. In na tuna tafiyarmu Gaya, hancina ne ke riga ni tunawa. An kwana biyu da yin ta, amma da yake a cikin ƙawayena na Barkin Sale ni kaɗai na taɓa tsallaka iyaka, har yanzu ba su bar ni na huta ba. Me na ci, me na gani, wai da gaske ne can ko akuya da Faransanci ake korarta? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a wurin kitso, shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta sake tambaya sai in miƙa mata.

Kakana na wajen uwa, Alhaji Ndagi, mutumin Bida ne, amma a Tudun Wada nan Minna ya kafa gida. Mu jikoki Baba Tsoho muke ce masa, shi kuma ni Uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika. Direban babbar mota ne tun zamanin da ake tuƙi a hannun hagu. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata farar mota mai dogon baya, kullum da safe ya wanke ta kafin ya karya. A shekarar da nake ba ku labari ya gogi ginshiƙin ƙofar masallaci, bai daɗe ba kuma ya ja da baya ya kifar wa mai rake baro. Kawu Usman, babban ɗansa, ya tara 'yan'uwa aka yanke shawara cewa idon tsoho ya tafi, a karɓe makulli. Ana cikin haka sai ga saƙo, Anti Hajara, autar Baba da ke aure a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ta haifi tagwaye. Baba ya ce shi zai tuƙa kansa zuwa suna. In ya je ya dawo lafiya a bar masa makullinsa, in an samu matsala su yi yadda suka ga dama.

Lokacin jami'a na yajin aiki, ina gida ina karatun waƙoƙi ina kallon rufi. Kawu ya kira ni gefe ya ce, “Ke za ki zauna gaba. Ki lura ko yana ganin allunan hanya. Abin da kika faɗa in kun dawo, da shi za a yi aiki.” Haka kawai makullin kakana ya dawo kan harshena, ni da ko musun kuɗin acaɓa ban iya ba.

Ta ukunmu ita ce Sista Rahila, maƙwabciyar su Baba, 'yar kudancin Kaduna, ungozomar asibiti da ta yi ritaya. Ita ta karɓi haihuwar Anti Hajara kanta, don haka ta ce babu mai hana ta zuwa duba cibiyar tagwayen nan, tunda ba ta san irin aikin ungozomomin Faransa ba. Ta shiga baya, ta jingina da doya, ta yi addu'arta, mu ma muka yi tamu, muka tashi da hantsi.

Ba mu yi nisa da Minna ba na fara aikin da aka ɗora mini. Muka zo wani babban koren allo irin na zamani, na yi kamar ban gani sosai ba, na tambayi Baba me aka rubuta. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce shi ba ya hulɗa da allon da aka rataye can sama kamar tsuntsaye ake so su karanta, kuma hanyar da ya sani tun uwata ba ta yi haƙori ba, ba fentin jiya ne zai koya masa ita ba. Na ce a raina, shi ke nan, tsoho ba ya gani, da baki yake rufewa.

Kusa da Zungeru sai ya sauka daga kwalta ya bi wata tsohuwar hanya da ciyawa ta cinye rabinta. Sista ta tambaya ko taya ce, ya ce a'a, gaisuwa zai yi. Ya fita ya durƙusa gaban wani guntun siminti da bai wuce gwiwa ba, ya tuge ciyawar da ta rufe shi, ya share masa fuska da hannun riga. Dutsen mil ne. Ba fenti aka yi rubutunsa da shi ba, sassaƙa harafi da lamba aka yi a jikinsa, ko makaho ya shafa ya san saura nawa. A nan ya yi mini karatun da na riƙe har yau. Ya ce tsofaffin alamu ba su mutu ba, titi ne ya yi ƙaura ya bar su. Duk inda aka miƙe hanya aka yar da kwana, ko aka gina sabuwar gada aka bar tsohuwa, ko bakin layin dogo, in ka duba za ka same su, don ɗan kwangila abin da ke gaban katafilarsa kaɗai yake turewa. Na tsaya ina kallon dutsen, yana ta faɗar nisan gari ga ƙadangaru da makiyaya, har wani baiti ya fara zo mini. Sista ta danna ham ta kore shi.

A Tegina muka tsaya shan shayi, nan kuma muka gamu da tsohuwar alama ta biyu. Baba ya zauna a benci, ya kai kofi baki, sai ya tsaya. Teburin mai shayin ashe tsohon allon hanya ne, farin ƙarfe mai baƙin rubutu, an kwantar da shi kan gwangwanaye. Tsakanin tulin burodi da kiret ɗin ƙwai ana iya ganin sunan Kontagora da kibiya. Mai shayi ya ce shi ma gadonsa ya yi wurin ubangidansa, kuma bai taɓa ganin tebur mai jure zafin tukunya irinsa ba. Baba bai damu da an mai da shi tebur ba. Abin da ya hana shi shan shayi shi ne kibiyar tana nuna Minna.

“Ɗana, allon nan bai taɓa ƙarya ba sai a hannunka,” in ji shi.

Mai shayi ya ce ai babu mai tambayar tebur hanya. Baba ya ce shi dai ba zai tashi ya bar shi haka ba. Da wasa da wasa sai da aka sauke ƙwai da madara da burodi, masu shan shayi suka miƙe kowa da kofinsa a hannu, aka juya tebur kibiya ta fuskanci Kontagora. Wani mai gyaran taya ya ce yanzu ko shayin ma zai fi sanin inda ya nufa. Sista ta ce in haka za mu riƙa yi, sai dai mu je yayen tagwaye.

Da muka wuce Kontagora rana ta fara sanyi. Damina ta kusa ƙarewa, dawa ta yi kai, Sista ta yi barci da baki buɗe. Baba ya sake ratsewa wata tsohuwar kwana don ya nuna mini wanda ya ce shi ne sarkinsu. Wannan a tsaye yake, kan sanda mai zanen baƙi da fari, bakinsa a fiƙe kamar yatsa mai nuni, an rubuta Yelwa da adadin mil. Na lura a gefen hagu yake, yana fuskantarmu, na tambayi dalili. Ya ce ai da can nan ne hannun direba, allo kuwa a gefenka yake jiranka, kamar mai masauki a ƙofar gida. Daga nan labari ya ɓalle. Ya ja mota yana ba ni labarin lokacin da aka sauya hannu, yadda direbobi suka riƙa tafiya a hankali kamar masu rakiyar amarya, yadda wani abokinsa ya ƙi fita har sai da ya ga wasu sun dawo da rai. Yana cikin labarin muka hau kwalta. Ni hankalina na kan wasu balbelu da ke bin garke, ina neman kalmar da ta dace da farinsu.

Ƙarar ham ce ta dawo da ni. Wata babbar mota maƙare da albasa ta nufo mu kai tsaye tana kunna fitila tana kashewa. Baba ya fito da hannu ta taga yana yi mata alamar ta koma gefenta, yana cewa yaran yanzu a kasuwa suke sayen lasin. Sista ta farka, ta duba sau ɗaya.

“Alhaji, kai ne ba ka kan hannunka!”

Ya murɗa sitiyari, amma irin murɗawar da ya saba da ita tun yana saurayi, wato ya ƙara yin hagu. Ita ce ma ta cece mu. Muka gangara gonar dawa a hankali, karare suna ta sunkuya mana, har muka tsaya a kan kunya. Ƙofar baya ta buɗe, doya ta bi gona.

Direban albasa ya sauko da zagi cike da baki, ya leƙo taga ya ga farin gemu, sai ya haɗiye ya durƙusa ya gaishe shi. Shi da mutanen da ke saman kayansa suka turo mu kan titi, suka tsince mana doya. Mai gona ya zo, Baba ya ba shi haƙuri da doya, direban kuma ya ƙara mana albasa, wai don tagwaye. Aka rabu ana dariya. Baba kaɗai bai yi ba. Mun yi tafiya mai nisa, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Na gan shi tun daga nesa, Uwargida. Har rubutun goshin motarsa na karanta, Haƙuri Maganin Zaman Duniya.” Haka kuwa aka rubuta, ni sai da motar ta tsaya na gani. Ashe ido lafiyarsa lau. Hannu ne ya koma gidan jiya bai yi sallama ba.

A Yelwan Yawuri muka sauka, gidan wani tsohon abokin tuƙinsa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, kifin da a Minna sai dai a gan shi a bikin masu hali, nan kuwa har ana ba mu haƙuri wai ba a samu babba ba. Sauron garin ma ƙoshi gare shi. Na idar da sallar magariba ina naɗe darduma, Sista ta ce, “Ɗiyata, me za ki gaya wa Usman?” Na ce ai ido ya ce in duba, ido kuwa lafiya. Ta ce kada in yi mata wayon 'yan jami'a, ta yi shekaru tana ganin abin da titi ke kawowa asibiti, kuma ba kullum ake samun gonar dawa a gefe ba. Amma ta ce ba za ta riga ni magana ba, tunda ba ita aka aika ba. In na faɗa, na raba tsoho da abin da ke tashinsa da safe. In na yi shiru, ban san wa zan jawo wa ba.

Da gari ya waye Sista ta yagi bakin jan ɗankwalinta ta ɗaura wa Baba a wuyan hannun dama. Na jira ya yi faɗa, bai yi ba, ya miƙa hannu kamar yaro a layin allura. Wannan ya fi motar albasa tsorata ni. Ni kuma aka ba ni sabon aiki, duk mararrabar da muka zo in ce, “Hannun cin tuwo, Baba.” Haka muka bi ta Koko da Jega da Bunza ina ta ambaton tuwo, har ya ce in ban bari ba yunwa za ta kama mota. Doya kuwa tana ta raguwa, don duk shingen da aka ce masa “Sannu Direba”, sai ya ce in miƙa ɗaya.

A Kamba aka buga mana takardu, muka tsallaka. Jandarman can siriri ne, kakinsa kamar a jikinsa aka goge shi. Ya sara wa Baba, ya duba takardun mota ɗaya bayan ɗaya, da Hausarsa mai gauraye da Faransanci, sannan cikin ladabi ya ce yana son ganin abin kashe gobara. Akwai shi, amma a can ƙarƙashin doya da albasa da akwatin Sista. Sai da muka sauke komai a bakin titi. Ya ɗaga, ya jinjina, ya sake sarawa, ya koma inuwa ya bar mu da lodi. Da ya ga Sista na huci sai ya aiko mana da shayi a wasu 'yan kofunan gilashi da ba su fi babban yatsa ba, baƙi, ɗaci kamar maɗaci. Sista ta shanye a kurɓi ɗaya ta ce to an ɗanɗana, ina shayin?

Muna barin iyaka Baba ya taka birki. A bakin hanya ga wani dutsen siminti, fari tas, da jar hula a kansa, an rubuta Gaya da lamba. Ba a cikin ciyawa ba, ba a tsohuwar kwana ba, a kan babban titi, kuma da gani ba a daɗe da shafa masa farar ƙasa ba. Gaba kaɗan ga wani, gaba ga wani, a jere kamar dogarai. Baba ya ce, “Su nasu da rai.” Fuskarsa ta saki tun bayan gonar dawa. Can sai ya lura duwatsun suna zuwa da sauri fiye da yadda ya saba, kafin ya gama yaba wannan wancan ya iso. Ya buga sitiyari ya ce mota ta tuna ƙuruciya, man da muka sha a Kamba ba irin na Minna ba ne, mu ji yadda take cin mil kamar gyaɗa. Yana cikin yabon wani dattijo a kan ƙaramin babur ya wuce mu, da dogon burodi a hammata.

“Alhaji, shi ma man Kamba ya sha?” in ji Sista.

Na ce masa a hankali waɗannan kilomita suke ƙirgawa, ita kuwa ba ta kai mil ba. Ya ce ai dama mutanen da ke shan shayi a wancan kofi ba za su auna hanya da babban mudu ba.

Gaya gari ne na bakin kogi, Hausa da Dandanci da Zabarmanci duk a kasuwa ɗaya. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ba leda ba takarda, a rungume shi a kawo maka, ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Da rana ta take sai gari ya mutu, a rufe shaguna kowa ya kwanta, ba kamar Minna ba da ko tsakar rana mai acaɓa na neman ranka. Ranar suna aka raɗa wa yara Hasan da Usaini. Ragunan ba yanka-yanka aka yi aka soya irin namu ba, buɗe su aka yi ɗungum aka kafe da sanduna kewaye da wuta, suna tsaye kamar masu jin ɗumi. Sista ta duba cibiyoyi ta juya ta sake dubawa, da ta rasa abin kushewa sai ta ce ba laifi, amma da ita ce da ta fi haka.

Ana gobe za mu juyo Baba ya ce in raka shi. Ya tuƙa zuwa bayan gari ya tsaya gindin wani dutse mai jar hula, ya kashe mota. Ya tambaye ni me Usman ya ce in duba. Na rasa ƙaryar da zan yi, na faɗa masa. Ya ce ya sani, ai shi ya haifi Usman. Ya daɗe yana murza jan ƙyallen hannunsa.

“Ba zan sa ki zaɓa tsakanina da gaskiya ba, Uwargida,” in ji shi. “Kuma ba za a karɓa a hannuna ba. Ni zan bayar.”

Da muka koma gida ya kira mijin Anti Hajara, Malam Isufu, a gaban kowa ya damƙa masa makulli, ya ce gudunmawar tagwaye ce, a riƙa kai su awo. Ya ce gara motar ta zauna a ƙasar da ake yi wa tsofaffi fenti. Mata suka yi guɗa, Sista ta juya baya tana gyaran ɗankwalin da ba ya buƙatar gyara.

A motar haya muka dawo, Baba a gaba, yana gyara wa direba tuƙi tun daga Kamba. A Kontagora direban ya roƙe mu da girman Allah wani cikinmu ya musanya wuri da Baba. Da muka isa Tudun Wada Kawu Usman ya fito yana leƙen bayanmu yana neman farar mota. Da aka gaya masa sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Duk da haka ya tambaye ni yaya idon. Na ce lafiya lau, Kawu. Sista ta yi tari, amma tunda babu makullin da za a karɓa, magana ta mutu a nan.

Daga shekarar Baba Tsoho ya tsiri zuwa Gaya a kai a kai a motar haya, wai ganin tagwaye. Dangi suka yi ta yaba masa, ana cewa ba a taɓa ganin kaka mai son jikoki irinsa ba, har wasunmu suna ƙorafi. Sai bayan rasuwarsa, muna zaman makoki, Anti Hajara ta gaya mini makullin motar biyu ne, ɗaya ya bayar, ɗayan yana cikin naɗin hularsa. In ya je, kowace safiya sai ya sa Malam Isufu a kujerar gefe, ya tuƙa ta hanyar masu jajayen huluna har ya hango shingen iyaka, sannan ya juyo. Tagwayen kuwa, in ji ta, har ya koma ga Allah bai san wanne ne Hasan ba.